Gidan da Ba a Cewa To

Mun tare a gidan ne da farkon damina, ni da maigidana da 'yarmu, wadda a lokacin ta fara irin tafiyar nan ta yara, ta yi tangaɗi nan ta dafa can. Gidan haya ne a Unguwar Boro, ɗakuna a jere suna kallon juna, rijiya a kusurwar tsakar gida. Maigidana ya samu aiki a wata masana'anta a Kudenda. Ni kuma na taho daga garinmu na kudancin jihar da keken ɗinkina da bakina, don tun ina yarinya ban iya ganin abu in yi shiru ba.

Rijiyar na fara lura da ita. Murfin ƙarfe gare ta mai nauyi, an danna mata kwaɗo, makullin kuma yana rataye a wata ƙusa can sama, inda ni kaina sai na yi ɗage nake kaiwa. Na ce a raina, waɗannan mutane rowar ruwa suke yi da damina tsaka. Sai kuma na ga duk wani baho da bokiti da ke tsakar gidan a kife yake. Mace ta gama wanki ta bar ruwan ɗauraya ta shiga ɗaki, kafin ta fito wata ta tuttular da shi ta kife mata bahon. Sau biyu aka yi min haka, na haɗiye, don baƙuwa ce ni.

Abin da na kasa haɗiyewa ya faru ne ranar da magi ya ƙare min ina tsakar miya. A garinmu, da duk inda na taɓa zama, in mace za ta leƙa waje sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga murya ta ce, ga 'yata nan, ina zuwa. Matan gida su amsa da to, shi ke nan an gama magana. Haka na yi. Mata na zaune a tsakar gida, wata na tsefe wa 'yarta kai, wata na gyaran shinkafa, amma ko ɗaya ba ta amsa ba. Na sake faɗa, na ɗauka ba su ji ba ne. Sai suka kalli ƙofar ɗakin da ke ƙarshe.

Matar da ta fito daga ɗakin doguwa ce, siririya, ba mai yawan magana ba. Ita ke gasa masara a bakin titi da yamma. Ta dube ni ta ce, "Wa kika bar wa?"

Na ce, "Ku mana."

"Mu su wa? Kira suna. Ki ɗauko majanyinta."

Raina ya ɓaci, amma miyata na kan wuta, don haka na shiga na ɗauko majanyin da nake ɗaure goyo da shi. Ta sa na kira sunanta da bakina, na miƙa mata. Ta ɗaura shi a ƙugunta ta ce, "Na karɓa." Ta jawo kujera ta zauna tana fuskantar 'yata. Da na dawo kuma ba ta sakar min yarinyar ba sai da na sake kiran sunanta na ce na karɓa, sannan ta kwance majanyin ta ba ni.

Haka dokar gidan take. Wadda majanyi ke jikinta, yaro nata ne har uwarsa ta dawo. In ita ma za ta zagaya banɗaki, sai ta kira sunan wata ta miƙa mata. Da maigidana ya dawo aiki na zazzage masa. Na ce ka kawo ni barikin soja, sai ka ce miƙa mulki ake yi a kan sayen magi. Ya yi dariya ya ce al'amarin mata sai mata, ya ci tuwonsa.

A gidan ba a kiran mace da sunan yankanta. Da sunan ɗan fari ake kiran kowa, Maman wane, Maman wance. Ni ma kafin in gama kwance kaya na zama Maman 'yata. Ita doguwar matar sunan namiji ake haɗa mata. Ba zan rubuta sunan a nan ba, zan ce mata Maman Yaro. 'Ya'yanta mata biyu na gani, kullum da safe suna fita makaranta da kayansu a goge, amma mai sunan ban taɓa sa shi a ido ba. Na yanke wa kaina cewa yana makarantar kwana, ko yana ƙauye wurin kakanni, yadda da yawa cikinmu ke yi.

Wata Asabar muna zaune muna ɓarar agushi, hira ta yi daɗi, har ita Maman Yaro ta ɗan saki fuska. Sai bakin nan nawa ya motsa. Na ce mata, "Wai ina mai sunan ne? Ko sai Kirsimeti za a kawo mana shi mu ga angon 'yata? Ki gaya masa sadakinmu da tsada."

Hannuwa suka tsaya a cikin faranti. Ita dai ta kakkaɓe ɓawon agushi daga zaninta, ta ce, "Bai yi nisa ba." Ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule.

Akwai wata mata a gidan da ita kaɗai ba a haɗa mata sunan ɗa, muke kiranta Madam, matar wani bakanike ɗan ƙabilar Ibo mai gareji a Kakuri. Ta daɗe a Kaduna, Hausa a bakinta ta zauna, sai dai in ranta ya tashi takan haɗa da turancin kasuwa. Ita ta kama hannuna ta ce in zo. Ta ɗauki 'yata ta saɓa a kafaɗa, muka bi ta bayan banɗaki, inda katangar gidan ta tsage aka toshe wurin da tsohon gadon ƙarfe. Ta nuna min ta tsakanin wayoyin gadon.

Kango ne a bayanmu. Wani ya soma gini, ya kai shi daidai tagogi, ya tafi ba a sake ganinsa ba. Ciyawa ta cinye ɗakunan. A gefe, dab da katangarmu, akwai ramin da aka haƙa don masai ba a rufe ba. An jera tsofaffin kwanukan rufi a kansa an danne da duwatsu, amma ta wani gefe ina hango ruwan, kore shar, ganye da ledoji sun lulluɓe shi har ya yi kama da ƙasa.

Madam ta ce, "Ranar Asabar ce kamar yau. An yi ruwa da safe, rana ta fito. Dukanmu muna tsakar gida. Maman Yaro ta ce za ta tsallaka titi ta sayo gawayi, ta ce ga ɗanta nan. Muka ce to. Har da ni, my sister. Ni na ɗauka yana wurin mai tsefe kai, ita ta ɗauka yana wurina."

Na ce, "Ba ku ji kukansa ba?"

Ta girgiza kai. "Abin da kowa ke tambaya ke nan. Dubi inda muke shanya, dubi ramin. Ko tari ya yi da mun ji. Rediyo ma ba a kunna ba ranar. Yaro ba ya ihu a cikin ruwa. E no dey shout. Shiru kawai."

Ta ce da uwar ta dawo aka rasa shi, titi aka fara bazama, don tunanin kowa sace shi aka yi. Aka shiga maƙwabta, aka je coci, aka tare masu acaɓa ana tambaya. Ramin ne wuri na ƙarshe da aka duba. Yaron yana da wani ɗan kofin roba ja da ba ya rabuwa da shi, duk inda ya ga ruwa sai ya ɗiba ya zubar. Kofin aka fara gani yana yawo a saman ruwan.

Uwar ba ta nuna wa kowa yatsa ba. Matan zumuntar coci suka zo suka yi waƙoƙi, aka yi zaman makoki aka watse. Maganar farko da ta yi wa matan gidan bayan nan ita ce, muddin tana cikin gidan, kada wata ta sake amsa to a kan yaro. Maza suka sa wa rijiya murfi, suka rufe ramin da abin da suka samu. Mai gidanmu ya ce ramin ba a filinsa yake ba. Mai kangon kuma lambarsa ba ta shiga. Na tambayi Madam me ya sa ba a sauya mata suna ba, ga 'ya'ya mata har biyu. Ta ce sun gwada, suka riƙa kiranta da sunan babbar. Ba ta yi faɗa ba, amsawa ce kawai ba ta yi, har suka gaji suka koma.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Washegari bayan coci na je ɗakin Maman Yaro na durƙusa, na fara kame-kamen ban haƙuri. Ta ɗaga ni ta ce, "Ba ki sani ba ne. Gara ke kin tambaya. Mutane sun daina tambaya." Sannan ta ƙara da cewa, "Kada ki ɗauka fushi nake da su. Da ni ce a zaune wata ta fita, ni ma to ɗin zan ce."

Daga ranar kunnena ya lalace. Ban taɓa sanin yawan to ɗin da mutane ke faɗa a wuni ba sai lokacin. Mai tumatir ya ce to, kwandasta ya ce to, maigidana in na gama yi masa mita ya ce to, kuma duk cikinsu babu wanda ya ɗauki wani abu a wuyansa. In ina kasuwa na ji wata ta ce ga ɗana nan, aka amsa mata a jam'i, sai in tsaya da kaya a kai ina neman yaron da ido, har sai na ga wanda ya riƙe shi. Shiru ma ya zame min abin tsoro. Ina cikin ɗinki, da zarar tsakar gida ta yi tsit sai ƙafata ta tsaya a kan keke da kanta. In babu hayaniyar yara, kwaɗin ramin nan ake ji ta bayan katanga da rana tsaka, kuma na tsani kukansu.

Yaron da ban taɓa gani ba ya shiga rayuwata ya zauna. Kullum sai na kira sunansa, da safe in zan gaida uwarsa, da rana in zan ari murhu, da duk lokacin da zan miƙa majanyi. Wani lokaci in na ɗaga murya na kira, sai in ji kamar wani zai leƙo ta tsagar katanga ya ga mai nemansa.

Rani ya shigo, ramin ya ƙafe. A cikin ranin ne masu tsintar ƙarafa suka bi ta kangon suka kwashe kwanukan, suka haɗa da gadon ƙarfen da ya toshe katanga. Mun gani, mun yi tsaki, aka jingina wani guntun katako a wurin, aka ce maza za su duba kafin ruwa ya sauka. Ruwa kuwa bai jira maza ba.

Ranar da abin ya faru na je kasuwar Television sayen zare da shafi. Maigidana yana hutu, don haka na bar masa 'yar, na rataye majanyinta a igiyar shanya da ke ƙofarmu. Yawancin matan gidan, har da Madam, sun tafi jana'izar wani dattijon coci. Maman Yaro ba ta je ba, zazzaɓi ya kwantar da ita. Sai wata amarya da ta tare a satin, da ƙanwar Madam da ta zo hutu. Daga baya na ji cewa abokin aikin maigidana ne ya zo da babur ya ce ana nemansa a masana'anta, wani bai zo ba. Shi kuma ya san dokar gidan sarai, amma a wurinsa al'amarin mata ne. Ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje, ya ce ga yarinyar nan.

Ina shigowa, majanyin na fara gani. Yana nan a igiya inda na bar shi, iska na kaɗa shi. Ɗakinmu a kulle.

Na ce, "Ina 'yata?"

Amaryar ta ɗago daga wankin da take yi, da fara'arta, ta ce, "Babanta ya ce ga ta nan, na ce to. Ina jin tana wurin Anti."

Ƙanwar Madam ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ba tana wurinki ba?"

Kayan da ke hannuna suka zube, zare ya gangara cikin ruwan wanki. Ƙafafuna titi suka nufa, duk da abin da na sani, don zuciya ba ta son ta duba inda ya kamata. Abin da ya tsayar da ni ƙofar Maman Yaro ce. A wangale take, labulen ya tsinke ta gefe ɗaya yana jan ƙasa, silifas ɗinta kuma suna nan a jere a bakin ƙofa. Matar da ko rijiya ba ta zuwa ba takalmi ta fita da ƙafa.

Na bi ta bayan banɗaki. Katakon ya faɗi. Ban san yadda na wuce ta tsagar nan ba, sai daga baya na ga kafaɗata ta kuje.

A bakin ramin na same su. Maman Yaro na zaune dirshan cikin taɓo, gaban rigarta duk laka, alamar da ciki ta kwanta ta miƙa hannu. 'Yata na kan cinyarta, a jiƙe har wuya, ganye a manne a gashinta, tana tari tana kuka. Takalminta ɗaya na yawo a saman ruwan. Ashe Maman Yaro na kwance cikin zafin zazzaɓi ta ji an ce to ta tagar ɗakinta, kuma ba ta ɓata lokaci tana leƙa ɗakuna ko titi ba.

Na miƙa hannu zan ɗauki 'yata, ta ƙi saki. Ta rungume ta da hannu biyu, idonta a kaina amma ba ni take gani ba. Sunan ɗanta take kira, a hankali, tana maimaitawa, yadda ake tashin yaro daga barci in ba a so ya firgita. 'Yata kuwa a lokacin ko wa aka kira a gidan amsawa take yi. Ta tsagaita da kukan, ta ɗaga kai ta dube ta, ta ce, "Na'am."

Har yau in na tuna wannan na'am ɗin tsigar jikina tashi take yi.

Amarya da ƙanwar Madam sun iso suna salati da kiran Yesu, kowa da nata, suna cewa a ɓamɓare hannunta. Na ce kada wadda ta taɓa ta. Sai a lokacin na lura majanyin yana hannuna, ashe na fizgo shi daga igiya ban sani ba. Na durƙusa a cikin taɓon, gwiwata na gugar tata. Na kira ta da cikakken sunan da ake kiranta, da sunan ɗan a ciki, na ce, "Na karɓa."

Ta daɗe tana kallona kafin idonta ya dawo. Yatsunta suka saki ɗaya bayan ɗaya. Ta taimaka min na goya yarinyar, ita da kanta ta ja majanyin ta ɗaure min shi tamau. Sannan ta ce, da muryarta ta kullum, "Ki kai ta asibiti yanzu, ko da tarin ya tsaya. Ruwa yakan ɓuya a ƙirji."

Na kai ta, aka duba ta, aka riƙe mu har suka tabbata ƙirjinta lafiya. Abin da na gaya wa maigidana da ya same mu a can ba na rubutawa ba ne. Wannan karon bai ce to ba. A satin nan mazan gidan suka daina neman mai kango. Suka samo ɓaraguzan gini da jar ƙasa, suka cike ramin har ya yi tudu, suka toshe katanga da bulo da siminti. Maigidana ya fi kowa ɗaukar kwano a ka, har wuyansa ya sage. Amarya ta yi kuka ta gode Allah, don ba wanda ya gaya mata dokar. Daga ranar, duk wanda ya kama ɗaki a gidan, mace ko namiji, kafin a nuna masa inda makullin rijiya yake sai an zaunar da shi an gaya masa, kuma ni ce mai bakin faɗa.

Mun daɗe da barin gidan. 'Yata ta girma, ba ta tuna komai, sai tsokanata da take yi wai ni ce kaɗai uwar da za a aika wa saƙo a waya ta rubuto na ji na karɓa. Yaron nan ko hotonsa ban taɓa gani ba, ban san ko fari ne ko baƙi ba, amma bayan sunan 'ya'yana babu sunan da bakina ya kira kamar nasa.

Bara da damina na je gaida Maman Yaro. Tana nan a ɗakin ƙarshe, gashinta ya yi fari, 'yan matanta sun yi aure. Duk matan da na sani sun tashi, sababbi ne a gidan, amma bahuna a kife suke. Muna cikin hira, ina ba ta labarin Madam da ta koma garinsu, sai wata yarinya matashiya ta fito da gyale a kafaɗa da majanyi a hannu, ɗanta na biye da ita yana tangaɗi. Ta tsaya a gabanmu ta kira sunan. Tun ba ta rufe baki ba Maman Yaro ta amsa. Ta karɓi majanyin ta ɗaura a ƙugu, ta ce na karɓa, ta juya kujerarta ta fuskanci yaron, ta bar ni ina magana da ƙeyarta.